Yadda Ake Saita Sabar Na'ura a Kan Netwok da Yadda Ake Kula da Ita

A masana'antu, ɗakunan gwaje-gwaje, tashoshin lantarki da rumbunan ajiyar kaya, har gobe akwai na'urorin da ba su san wata hanyar magana ba sai kafar siriyal, wato kafar da ke aika bayani bit ɗaya bayan ɗaya ta waya: sikelin awon kaya, mitar wuta, na'urar karanta kati a bakin ƙofa, na'urorin PLC masu sarrafa injina, da UPS mai riƙe wuta idan ta ɗauke. Tsarin RS-232 da yawancinsu ke amfani da shi tun 1960 ya fito, kuma na'urorin suna aikinsu lafiya lau, babu dalilin zubar da su. Damuwar ita ce kwamfutar da ke karɓar bayanansu tana can wani gini, kuma kwamfutocin yanzu ba sa ma zuwa da wannan kafa. A nan ne sabar na'ura ke shigowa. Ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, gefe guda kafar siriyal, ɗaya gefen kafar Ethernet. Abin da ya shigo ta nan sai ya miƙa shi can, ya dawo da amsa. Moxa NPort, Lantronix UDS, Digi PortServer da Perle IOLAN duk wannan aikin suke yi.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne akwatin nan fuska biyu gare shi, kuma bai fahimci ko kalma ɗaya daga cikin saƙon da yake ɗauka ba. Duk wahalar da na gani a wannan aiki daga haɗa fuskokin biyu lokaci guda take tasowa, mutum ya jona komai, abu ya ƙi, sannan ya rasa ta ina zai fara bincike. Ka saita kowace fuska ita kaɗai, ka tabbatar tana aiki, kafin ka haɗa su.

Mataki na farko: takarda da biro

Kada ka kunna komai tukuna. Nemo littafin na'urar da za ka jona, ka rubuta abubuwa shida: nau'in layinta, wato RS-232 ne ko RS-422 ko RS-485, saurin bod, wato saurin aikawa, adadin bit na bayanai, fariti, wato bit na duba kuskure, bit na tsayawa, da yadda take tsayar da kwararar bayanai idan sun yi mata yawa. Idan ka ga an rubuta 9600 8N1, ana nufin bod 9600, bit 8, babu fariti, bit na tsayawa 1. Shi ne ya fi yawa, amma kada ka ɗauka kowa haka yake. Ƙa'idar Modbus ta siriyal, wadda na'urorin masana'antu ke magana da ita, alal misali, fariti na cika ta ɗauka a matsayin na asali, kuma tsofaffin sikeli da yawa 7E1 suke magana da shi, wato bit 7, fariti na cika, bit na tsayawa 1.

Daga wajen mai kula da netwok kuma ka karɓi adireshin IP da ba kowa a kansa, da abin rufe rukuni irin 255.255.255.0, da adireshin mashigar waje. Sai tambaya ɗaya da mutane ke tsallakewa: wa zai fara kira? Kwamfuta ce za ta nemi na'urar, ko na'urar ce za ta turo bayani da kanta duk lokacin da ta samu? Amsar wannan ita ce za ta zaɓa maka yanayin aiki a mataki na biyar.

Mataki na biyu: waya

A kan RS-232 mai fil tara, wanda ake kira DB9, fil uku ne ginshiƙi. A ɓangaren kwamfuta, fil na 2 karɓa yake yi, na 3 aikawa, na 5 kuma ƙasa. Yawancin sabobin na'ura masu kan namiji irin na kwamfuta aka tsara su. To idan na'urarka ita ma haka take, waya miƙaƙƙiya ba za ta yi ba, domin baki zai fuskanci baki, kunne ya fuskanci kunne. Sai ka nemo waya mai gicciye wadda ke kai 2 zuwa 3, 3 zuwa 2. Idan kana shakka, ɗauki mita ka auna tsakanin fil na 5 da kowanne daga cikin biyun yayin da na'urar ke kunne ba ta aika komai. Wanda ya nuna wuta mai alamar ragi, kamar -5 zuwa -12, shi ne bakin aikawa. Kada wayar ta wuce kimanin mita 15.

RS-485 yana kaiwa mita 1200 idan ba a matsa sauri ba, kuma layi ɗaya na ɗaukar na'urori 32 a ma'auninsa na asali. Sai dai yana da nasa sharuɗɗa. Wayar ta zama murɗaɗɗiya, ta bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, ba ta rarrabu daga tsakiya kamar rassan itace ba. A sa rizista mai ohm 120 a ƙarshen layin biyu kawai, ba a kan kowace na'ura ba. Kamfanoni kuma ba su haɗa baki a kan wace waya ce A wace ce B ba, abin da wani ya kira A wani B yake ce masa. Ka fi dogara da alamar tarawa da ta ragi, kuma idan komai ya yi daidai amma shiru, musanya wayoyin biyu ka gani. Hakan ba ya ƙona komai. Idan layin zai fita daga gini zuwa gini, sayi sabar da ke da kariyar raba wuta a kafarta. Tsawa ɗaya ta isa ta kashe wadda ba ta da shi.

Mataki na uku: shiga cikinta karon farko

Yi wannan a kan teburinka, da waya ɗaya tsakanin sabar da kwamfutarka, ba a kan netwok ɗin da ake aiki da shi ba. Kashe Wi-Fi na kwamfutar don kada ya raba mata hankali.

Kowane kamfani da yadda yake fito da nasa. NPort na Moxa yana zuwa da adireshi 192.168.127.254. Sai ka ba kwamfutarka adireshi a rukuni ɗaya, kamar 192.168.127.10 da 255.255.255.0, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin sabar. Na Lantronix da na Digi galibi suna neman adireshi ta DHCP, wato tsarin da ke raba adireshi kai tsaye a netwok, kuma idan na Lantronix bai samu ba sai ya ba kansa wani da ya fara da 169.254. Irin waɗannan manhajar bincike ta kamfanin ce ke gano su, kamar DeviceInstaller na Lantronix ko NPort Administrator na Moxa. Manhajojin nan shela suke yi a cikin rukunin netwok, kuma shela ba ta tsallake rauta. Idan bincike bai nuna komai ba alhali fitilar kafar Ethernet na ci, duba katangar tsaron Windows, sau da yawa ita ce ta tare amsar.

Hanyoyin sarrafa sabar kusan biyar ne: shafin burauza, Telnet ko SSH na rubuta umarni daga nesa, manhajar kamfani, SNMP na sa ido kan na'urorin netwok, da kafar siriyal ɗin kanta a wasu samfura. Burauza ta fi sauƙi ga saba ɗaya. Manhajar kamfani ta fi idan kana da ashirin da za ka ba saiti iri ɗaya. Hanyar siriyal kuwa ranar da ka ɓata saitin netwok har ba ka iya shiga za ka san darajarta, don haka ka karanta yadda ake yinta tun kafin ranar ta zo.

Da ka shiga, kafin komai, canza kalmar sirri. Bayan nan ka ba ta suna mai ma'ana, wanda zai gaya wa wani inda take da abin da ke jone da ita. Sannan adireshi. Ni dai ban yarda a bar sabar na'ura da adireshin da ke canzawa ba, domin manhajar da ke nemanta adireshi ɗaya ta sani. Ko dai ka rubuta mata tsayayye, a wajen kewayon da DHCP ke rabawa, ko ka sa mai kula da netwok ya keɓe mata ɗaya ta lambar MAC, wato lambar shaidarta ta netwok, da ke manne a bayanta. Ka danna adanawa, ka bar ta ta sake tashi. Shafin zai ɓace maka, kada ka firgita, ta koma sabon adireshinta ne. Maida kwamfutarka rukunin da ya dace, ka tura mata ping, wato saƙon gwaji na ko tana nan. Idan ta amsa, fuska ɗaya ta kammala.

Mataki na huɗu: saitin siriyal da gwajin madauki

Shigar da abubuwa shidan nan da ka rubuta, daidai da daidai. Wajen tsayar da kwarara, zaɓi uku ne: babu, ko RTS/CTS mai amfani da fil na 7 da na 8, ko XON/XOFF mai amfani da haruffa biyu na musamman a cikin saƙon. Idan wayarka guda uku ce kawai kuma ka kunna RTS/CTS, sabar za ta zauna tana jiran izinin da ba zai zo ba. XON/XOFF kuma bai dace da bayanan da ba rubutu ba, irin na Modbus RTU, wato Modbus na siriyal, domin lambobin haruffan nan biyu, 0x11 da 0x13, na iya faɗowa a tsakiyar saƙo a ɗauke su a matsayin umarni.

Yanzu gwajin da na fi so, domin gani ya kori ji. Cire na'urar, ka ɗauki ɗan guntun waya ka haɗa fil na 2 da na 3 a kafar sabar. Sa sabar a yanayin sauraron TCP, inda take jira a kira ta, ka kashe tsayar da kwarara na ɗan lokaci. Buɗe manhajar PuTTY a kwamfutarka, zaɓi haɗi irin Raw, rubuta adireshin sabar da lambar ƙofarta ta TCP: 4001 ga kafa ta farko a Moxa, 10001 a Lantronix. Rubuta kalma ka danna Enter. Za ka ga kalmar ta fito sau biyu, ɗaya wadda PuTTY ya nuna maka, ɗaya wadda ta je ta dawo, kuma fitilun aikawa da karɓa za su ƙyafta tare. Zare wayar ka sake rubutawa: sau ɗaya za ta fito. Minti biyu ne, amma ya tabbatar maka da netwok, da ƙofar TCP, da lafiyar kafar siriyal baki ɗaya.

Sai ka jona ainihin na'urar. Abin da ka gani a allo zai gaya maka inda matsala take, domin ruwa ba ya tsami banza. Shiru gaba ɗaya, fitilar karɓa ba ta motsi: waya ce, ko kuma na'urar irin wadda ba ta magana sai an tambaye ta. Tarkacen alamomi marasa ma'ana: saurin bod bai daidaita ba. Rubutu da wasu haruffa daidai wasu a lalace: fariti ko adadin bit. Saƙo ya fara lafiya ya yanke a tsakiya: tsayar da kwarara.

Mataki na biyar: yanayin aiki

Kafar COM ta bogi. COM shi ne sunan da Windows ke ba kafar siriyal. Ana sa direba a kwamfuta, ta ƙirƙiro COM5 ko COM6 wadda a zahiri netwok take bi. Moxa na kiran wannan Real COM, Digi na kiransa RealPort. Tsohuwar manhajar da ba ta san komai ba sai COM za ta ci gaba da aiki ba tare da an taɓa ta ba, kuma ita ce ke aika wa sabar saurin bod da fariti duk lokacin da ta buɗe kafar, don haka saitin da ke cikin manhajar ne ke rinjaye. Akwai kuma tsarin gama-gari mai suna RFC 2217 na shekarar 1997, wanda ke yin irin wannan aiki ba tare da ɗaure ka ga kamfani ɗaya ba. A Linux, idan ba ka son direban kamfani, wannan umarnin na samar da kafa mai sauƙi:

socat pty,link=/dev/ttyV0,raw tcp:192.168.10.50:4001

Sai dai wannan bayanai kawai yake ɗauka, ba ya canza saitin siriyal na sabar.

Sauraron TCP. Sabar na zaune tana jira, kwamfuta ta kira ta. Idan manhajarka ta iya magana da adireshi da ƙofa kai tsaye, wannan nake ba ka shawara. Direba ƙarin abu ne da ke iya lalacewa duk ranar da aka sabunta Windows, kuma abin da babu shi ba ya lalacewa.

Kiran TCP. Sabar ce ke neman kwamfuta. Ya dace da na'urorin da ke turo bayani da kansu, kamar mai karanta lambar kaya, da kuma wuraren da katangar tsaro ta hana shiga amma ta bar fita.

UDP ya fi sauri kuma yana iya watsa saƙo ga kwamfutoci da yawa, amma abin da ya ɓace a hanya ya ɓace ke nan. Akwai kuma haɗin tagwaye, inda saba biyu ke fuskantar juna su zama kamar doguwar wayar siriyal.

Wani kuskure da ke cin kuɗin mutane: Modbus RTU da aka cusa cikin TCP ba shi ne Modbus TCP ba. Na farkon yana ɗauke da bait biyu na CRC, wato lambar duba kuskure, a ƙarshe. Na biyun ba shi da su, yana da kai mai bait bakwai a gaba, kuma ƙofa 502 yake bi. Sabar na'ura ta gama-gari ba ta juya wannan zuwa wancan. Idan manhajarka Modbus TCP kawai ta sani, mashigar Modbus za ka saya, irin MGate na Moxa, ko sabar da aka rubuta ƙarara cewa tana da wannan yanayi.

Mataki na shida: ƙunshi da lokutan jira

Nan ne aikin ya fi laushi, kuma nan ne ake samun matsalar nan mai "wani lokaci yana yi, wani lokaci ba ya yi". Siriyal bait ɗaya-ɗaya yake zubowa, netwok kuwa ƙunshi-ƙunshi yake ɗauka. Dole sabar ta yanke shawarar yaushe za ta ɗaure abin da ta tara ta aika. Idan ta yi gaggawa, saƙo ɗaya zai rabu biyu, manhajar ta ga rabi ta ce ya lalace.

Idan na'urarka rubutu take aikowa mai ƙarewa da alamar sabon layi, sa 0x0D ko 0x0A a matsayin alamar rufe ƙunshi. Idan tsawon saƙon ba ya canzawa, sa adadin bait ɗin. Idan kuma shiru ne ke raba saƙo da saƙo, lissafi za ka yi. A Modbus RTU harafi ɗaya bit 11 ne, kuma shirun haruffa uku da rabi ne ke nuna ƙarshen saƙo. A bod 9600, harafi ɗaya na cin kimanin milisakan 1.15, uku da rabi kuwa kusan milisakan 4. Sai ka sa lokacin tilasta aikawa, wato shirun da sabar za ta jira kafin ta aika abin da ta tara, a milisakan 4 ko 5. A ɓangaren manhajar kuma ka ƙara lokacin jiran amsa, domin wanda aka tsara don waya mai mita biyu ba zai ishi saƙon da ke ratsa rauta uku ba.

Sai mataccen haɗi. Na taɓa bin wata matsala kwana biyu a wani rumbun kaya: duk lokacin da kwamfutar sikeli ta mutu ba shiri ta sake tashi, sai sikelin ya ƙi amsawa na wasu mintuna, ga motoci a layi, sannan ya dawo da kansa. An canza waya, an canza direba, ba abin da ya sauya. Ashe sabar haɗi ɗaya kawai aka yarje mata, kuma tana riƙe da tsohon, ba ta san kwamfutar ta tafi ba. A NPort lokacin duba ran haɗi minti 7 ne daga masana'anta. Muka mai da shi minti 1, matsalar ta kau. Akwai kuma lokacin yanke haɗi idan an daɗe ba a yi magana ba. Yi hankali da shi: na'urar da ke magana sau ɗaya a awa, idan ka sa mata sakan 30, kai da kanka ka yanke ta.

Mataki na bakwai: kulle ƙofofi

Wannan ba ƙari ba ne, cikin aikin yake. A 2013 binciken HD Moore na kamfanin Rapid7 ya gano sabobin siriyal fiye da 114,000 a buɗe a intanet. A ranar 23 ga Disamba 2015, maharan da suka katse wa masu amfani da wuta kimanin 225,000 lantarki a Yukren sun loda gurɓatacciyar manhaja a cikin irin waɗannan akwatuna a ƙananan tashoshin wuta, suka kashe su, har sai da ma'aikata suka je da ƙafarsu suka mayar da wuta da hannu. Duk wanda ya kai ga ƙofar TCP ta sabarka, tamkar yana tsaye gaban na'urar ne da waya a hannu, kuma yawancin na'urorin siriyal ba sa tambayar kowa ko shi wane ne.

Saboda haka kada ka taɓa buɗe mata ƙofa a rauta zuwa intanet. Mai buƙatar shiga daga nesa ya bi ta VPN, wato kariyayyar hanyar shiga netwok daga nesa. Sa ta a keɓaɓɓen rukunin netwok, wato VLAN, tare da 'yan'uwanta, nesa da kwamfutocin ofis. Kunna jerin adireshin da aka yarda su shigo, ka sa kwamfutar da ke karɓar bayanai da taka ta gudanarwa kawai. Fara rubuta naka adireshin kafin ka adana, don kada ka kulle kanka a waje. Kashe Telnet da HTTP idan akwai SSH da HTTPS, domin biyun farko a fili suke aika kalmar sirri. A tsofaffin Lantronix ka tuna da ƙofa 9999 ta saiti da 30718 ta bincike. Idan ba ka amfani da SNMP kashe shi, idan kana yi canza kalmar "public" da yake zuwa da ita, ko ka koma SNMPv3. Ka sani kuma samfura masu araha ba sa ɓoye bayanan siriyal ɗin da kansu. Idan bayanan na da nauyi, nemi wadda ke ɓoye su da tsarin TLS.

Mataki na takwas: kula ta yau da gobe

Nuna mata sabar NTP mai ba da lokaci don agogonta ya daidaita, ka tura rahotanninta zuwa sabar syslog mai tara rahotanni ta ƙofa 514. Ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, tsohon rahoto ba ya daɗewa a ciki, kuma rahoton da lokacinsa ba daidai ba ba ya taimakon mai bincike. Sa ta a manhajar sa ido, ko da ping ne kawai, don ka ji ta faɗi kafin a kira ka.

Ba a fafe gora ranar tafiya: da zarar komai ya zauna, fitar da fayil ɗin saiti ka adana da sunan sabar da kwanan wata, kuma ka maimaita duk lokacin da ka canza wani abu. Manna takarda a jikinta mai suna, adireshi da saitin siriyal, ban da kalmar sirri. Lokaci-lokaci ka duba shafin kamfanin ko an fitar da gyaran tsaro. Sabunta manhajar cikinta sai a lokacin da aka tsayar da aiki, daga shafin kamfanin kaɗai, da fayil ɗin da ya dace da ainihin samfurin, kuma wuta kada ta ɗauke a tsakiya. Gwada a kan guda ɗaya tukuna. Bayan ta tashi ka sake duba saitin tsaro, wani lokaci sabuntawa na kunna abin da ka kashe.

Ajiye guda ɗaya a kabad, samfuri ɗaya, manhaja ɗaya. Ranar da wata ta mutu, loda wa ta ajiyar fayil ɗin saiti a kan tebur, yi gwajin madauki, sannan ka kai ta wurin. Adireshin IP zai zama ɗaya amma lambar MAC ta canza, don haka idan an keɓe adireshin ta DHCP ko an ɗaure kafar suwic ga tsohuwar lambar, sai an gyara. Kwamfutar ma na iya riƙe tsohuwar lambar na ɗan lokaci. Umarnin arp -d tare da adireshin sabar zai goge ta. Idan kana amfani da kafar COM ta bogi, buɗe manhajar direban ka tabbatar COM ɗin na nuni ga sabuwar, sannan ka rufe manhajar aikin ka sake buɗe ta, ka tsaya har sai ka ga karatu na farko ya shigo allo.